Tayun da Na Ƙona a Ƙofar Tela

Shekarar da Najeriya ta rufe iyaka, har manyan motoci suka yi layi a Ɗan Issa, ni magidanci ne a Madarumfa, ina kai wake Jibiya. Hanya ta mutu, jari ya narke. Sai wani mahauci ya ba ni aikin babbakar kai da ƙafa a bayan kasuwa. Itace da tsada, tsohuwar taya kuwa kusan kyauta, kuma wutarta ba ta mutuwa da wuri. Kullum bayan sallar asuba nakan cinna biyu ko uku, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har azahar.

Rumfar da hayaƙin ke fara shiga ta wani dattijo ce, tela, Kirista ɗan Maraɗi da ya daɗe cikinmu. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam, don ya ga ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Sau uku yana zuwa wurina. Na farko ya nuna mini farin yadin da toka ta ɓata, na tambaye shi cikin raha ko kuɗin sabulu yake so. Na biyu ya ce yana da tansiyo, wato hawan jini, kuma kansa na sarawa duk ranar da na hura wuta, don Allah in matsa bayan ganuwar kwata. Na ce masa ƙarar kekensa ma tana sa ni ciwon kai ban kai ƙara ba. Mahauta suka yi dariya, na ji daɗin dariyar. Na uku ya tsaya yana tari, ya koma.

Wata Laraba da hantsi ƙafarsa ta zame daga kan keken, bakinsa ya karkace. Ina cikin waɗanda suka kai shi asibitin Maraɗi. Lokotoro ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tambayi matar Baba inda mijinta yake aiki, ta faɗa masa. Ya ce hawan jinin shi ne tushe, amma hayaƙin da ake shaƙa kullum, na taya ko na motoci, ba a huhu yake tsayawa ba, yana shiga jini ya lahanta jijiyoyi, mai tansiyo kuwa ya fi kowa shiga hatsari. Bai san mai wutar na tsaye gabansa ba. Matar ta sani, kuma ba ta dube ni ba.

Na bar tayun a cikin makon, na koma itace a bayan kwata, inda aka roƙe ni tun farko. Amma dubiya ta gagare ni. Shekara biyu ina kewaye unguwarsu, ina istigfari bayan kowace salla, alhali na san hakkin bawa sai bawa ya yafe. Bara da azumi na cije na je. Na same shi a tabarma, hannun dama a kwance kan cinya. Na durƙusa na ce ni ne na cuce shi, ya yafe mini. Ya daɗe yana haɗa maganar.

“Ka kashe wutar, Malam?”

Na ce na kashe, Baba. Ya miƙo hagu ya riƙe hannuna, ya ce matarsa ta kawo mini tabarma.

Allah ne Masanin abin da ya kayar da shi, amma ni na san abin da na zuba masa a ƙirji. Masu ƙona taya da shara cikin gari, hayaƙinku yana da gidan da yake kwana. In maƙwabci ya ce ku matsa, ku matsa tun yana iya faɗa da bakinsa.