Hanyar Da Kaka Ke Zanawa A Toka

A ƙauyenmu da ke bakin daji, kusa da Dogon Dawa, Kaka ba ta yin tatsuniya da baki kaɗai. Bayan isha'i takan jawo toka daga murhu, ta baje ta a ƙasa, ta riƙa zane da yatsa tana magana. Mu jikoki muna zagaye da ita, ni da yayata Hadiza a gaba.

Wadda na fi tunawa, in ban ruɗe ba, ita ce ta yarinyar da ta bi zabuwa cikin daji har ta ɓata. Ta haɗu da wata tsohuwa a gindin kuka, tsohuwar ta ce mata, "Da za ki shigo, wa kika gaisar?" Ashe yarinyar ba ta gaida kowa ba. Sai da ta bi suri da rafi da dutse tana ba su haƙuri, kowanne yana nuna mata na gaba, har ta hango hayaƙin gidansu.

Duk inda yarinyar ta juya, yatsan Kaka ma ya juya. In ta gama sai ta shafe da tafin hannu.

"Angona, mayar da yarinyar gida," takan ce da ni, wato in sake zana hanyar a tokar.

In na kuskure ta yi dariya. "Da kai zan dogara? Ai a daji zan tsufa. Sake."

Yanzu ina Kaduna, ɗaki ɗaya, ni kaɗai. Kaka ta rasu. Ƙauyen ya watse tun da hare-hare suka yi yawa, kowa ya kama gabansa. Na so in rubuta tatsuniyar don kada ta ɓace, ko da yake ban tabbata akwai mai buƙatarta ba. A wayata na saba rubutu da yatsa a kan gilashi, ita kuma ta mayar da shi haruffa. Maganar ta shiga lafiya. Da na zo kan hanyar, hannuna ya zana ta da kansa: suri, rafi, dutse. Daga dutsen na tsaya. Hagu ne ko dama? Wayar ta ɗan jira, ta fito da wani harafin da ba shi nake nufi ba, ta goge zanen.

Na kira Hadiza a Zariya.

"Wane dutse kuma?" ta ce. "Kai da Kaka kuka san wannan. Ka ci abinci dai?"

Da, na ɗauka darasin shi ne a riƙa gaida mutane. Wataƙila shi ɗin ne. Amma yanzu ina zaton Kaka so take wani cikinmu ya riƙe hanyar gida a hannunsa, kuma ni ta zaɓa.

Nakan sake gwadawa in na dawo daga aiki. Gilashin yana gogewa tas, kamar tafin hannunta. Sai dai babu mai ce mini "Sake," yarinyar kuma tana nan tsaye a gindin dutse.