Lasina Darabo, Mai Injin da Bai San Layi Ba

Kafin matan Songiri su dawo daga rijiya, Lasina Darabo ya riga ya share bakin rumfarsa, ya ɗaure tsumma a hanci, ya ja bel ya ji ƙarfinsa, sannan ya tayar da injin niƙa. Da wannan ƙara muke tashi tun waɗanda ke da jikoki yau suna goye. A makon jiya ya kashe injin da hannunsa ya miƙa wa surukinsa mabuɗi, domin ƙirji ya ƙi.

Ni ban yi boko ba, sai allo, amma na daɗe ina tambayar kaina: me ƙasar nan take ci, kuma yaushe ta sauya ba mu farga ba? Rediyo yana cewa ana noma fiye da dā. To ina geron ya tafi? Na kai wa Lasina tambayar. Sai ya hau turmi ya ɓamɓaro wani ɓawo daga jikin azarar rumfar ya sa mini a tafin hannu. Ƙurar niƙa ce ta shekaru ta daskare, hawa-hawa. Can ƙasa toka-toka, gero ke nan. Bisansa ja, na shekarun da ruwa ya riƙa yi mana rowa aka koma wa jar dawa. Sai fari mai kauri, masarar da motoci ke kawowa daga kudu. Na sama kuwa siriri ne kamar fatar albasa.

"Wannan fa?" in ji ni.

"Shinkafa ce ta cinye shi, Baba. Ita ba ta zuwa gaishe ni. Daga buhu sai tukunya."

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Kowa a ƙasarmu ta Yatenga ya san ɗan ƙabilar Samo abokin wasanmu ne, mu Mosi, yana kiranmu bayinsa, yana zaginmu a gaban sarki a yi dariya. Lasina Basame ne, kuma da wannan rigar wasan ya yi shekaru yana abin da ya fi ƙona wa mata rai: bai san layi ba. Mace ta zo tun da fari, ya tura ƙwaryarta baya da ƙafa. Wata ta zo yanzu, ya ce miƙo. In an yi magana ya ce, "Yaushe bayi suka fara yi wa ubangidansu doka?"

Ga abin da ba mu lura ba. Inji ba ya fitar da duk abin da aka zuba masa. Akwai garin da ke maƙalewa a cikinsa, kuma a al'ada na wanda ya biyo baya ne. In mai inji ya bubbuga ƙarfen, ragowar kaɗan ce. In bai bubbuga ba, tana tuƙa tuwon yara.

Tipoko ce ta ba ni labarin da bakinta, ta ce in rubuta. Shekarar da mijinta ya rasu, damina ta tsaya da wuri. Yayan mijin ya yanke magana: in ta kasa ciyar da 'ya'yanta uku, za a rarraba su gidajen dangi, ƙaramin a kai shi can kudu wurin masu auduga. Aka ɗora wa matarsa, Pendo, aikin sa ido. Kuma ina ake ganin tukunyar mace in ba a bakin inji ba?

Ranar kasuwa Tipoko ta zo da ƙwarya rufe da faifai. Dawar ciki ba ta rufe gindin ƙwaryar ba, sauran dusa ce. Ga Pendo tsaye da daro cike da masara, ido a kanta. Lasina ya ɗaga gefen faifan kaɗan, ya mayar.

"Ke baiwata, ja can! Sai na gama da mai babban daro."

"Haba Lasina, na riga ta zuwa!"

"Kin riga ta zuwa duniya ma? Inna Pendo, kawo naki, in gani ko yau kin wanke shi."

"Uwarka ce ba ta wanke hatsi, maci kare!" in ji Pendo. Mata suka kwashe da dariya.

Ya niƙa masarar, bai taɓa ƙarfen ba. Ya juya baya ya tare idon jama'a, ya juye na Tipoko. Abin da ya sauko ya kai rabin ƙwarya, fari-fari. Ta ɗauka ta bi ta gaban faccalarta kai a miƙe. Haka suka yi ta yi har sabon hatsi ya nuna. Kullum zagi, kullum a tura ta baya, kullum bayan babban daro. Ba a raba yaran ba.

Ni mutum ne mai tsanani, na kuwa tambaye shi ko wannan ba cin haƙƙi ba ne. Ya ce, "Ban taɓa sa hannu a daron kowa ba. Hannun kawai na riƙe, ban bubbuga ƙarfen ba."

Ranar sallamarsa aka dama zomkom, ruwan garin geron da muke tarbar baƙo da shi, sai da aka aika wani gari kafin a sami geron. Tipoko, yau da furfura, ta miƙe ta faɗi labarin a gaban kowa. Aka juya ana kallon Pendo. Tsohuwar ta tofar da goro.

"Ku wa kuke zaton kun yi wa wayo? Ni da na auna masarata da hannuna! Me kuke tsammani ya sa nake ɗauko daro duk ranar da na hango ta da ƙwarya? Gidana masara ce ta yi masa yawa?"

Lasina ya miƙa mata ƙwaryar zomkom da hannu biyu, karo na farko babu zagi.

Kai ne, Lasina, ka yarda a kira ka azzalumi don kada a kira wata matsiyaciya. Kai ka shaƙi gero da dawa da masara har ƙirjinka ya zama rumbun garin nan. Mun gode, ubangidan bayi. Allah Ya sassauta maka numfashi.

Ku kuma masu tasowa, abincinku yanzu a ɗinke yake zuwa cikin buhu, kowa ya shige da nasa ɗaki, ba ragowar wani da ke faɗawa ƙwaryar wani. Ban ce ku daina cin shinkafa ba. Na ce ku duba wanda ke tsaye a bayanku, kuma kada ku bubbuga ƙarfen.