Ruwan da Ba Ya Gangarawa

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a Bangala, babbar kasuwar kifin Jidda, ya kai wa masu gyara, da wuya a ce bai ga Isha'aku ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gefe ɗaya na gemu, wanda ba ya ɗaga kai in yana aiki. Ni a Sharafiyya na san shi, ƙofarsa tana kallon tawa, kuma na daɗe ina ɗaukarsa mai girman kai, don in ka gaishe shi sai ya amsa kamar maganar tana masa ciwo a baki. Ashe mutumin kaya ya ɗauko.

Basarke ne, wato jinin masunta, daga Gaya ta Nijar a bakin Kwara. In kana so bakinsa ya buɗe, tambaye shi yadda kaka take a kogi. Nan zai ba ka labarin jan ruwan damina yana kwanciya, kifi ya ci ya ƙoshi a fadamu yana komawa kogi, karfasa da ragon ruwa duk sun yi kitse. Ya ce su da ƙafa suke sanin ruwa. Yashi, laka, sannan gangara a hankali, kogi ba ya yin zurfi sai ya fara gaya wa tafin ƙafarka. Ni da ko a baho ba na sakin jiki, sai dai in gyaɗa kai.

Ƙanensa Hassane ya zo Umra ya maƙale, kamar yadda da yawa suka yi. Wata Juma'a cikin kaka, zafi ya ɗan sassauta, kewar gida ta taso musu, suka ɗauki birgi, ragar nan ta jifa mai dalma a baki, suka nufi kudu da gari inda ba gine-gine. Bahar Maliya a wajen tana da wani hali da ɗan kogi bai sani ba. Za ka yi ta tafiya a kan dutse ruwa iya gwiwa, har ka yi nisa da gaɓa, sai dutsen ya ƙare lokaci ɗaya kamar bakin soro. Hassane yana gaba, igiyar birgin ɗaure a wuyan hannunsa yadda aka koya masa tun yana yaro. Ya jefa, ya taka ya bi ragar kamar kullum, ƙafarsa ba ta sami komai ba.

Isha'aku ya yi ta nutso har kunnensa ya yi jini. Da ya gaza, bai nemi waya ba, bai nemi mutane ba. Fitowa ya yi ya kama gudu a gefen ruwa, don a gida abin da kogi ya ɗauka ƙasa yake kai shi, sai a riga shi zuwa kwanar kogi a tare shi. Ya iske wani masunci ɗan Yaman, ya riƙe rigar mutumin yana tambayarsa ta ina ruwan nan yake gangarawa. Mutumin ya ɗauka taɓaɓɓe ne. Kafin a fahimci zancen a kira masu ceto, rana ta yi nisa. Sun zo da jirage sun duba iya ƙoƙarinsu, ko ragar ba a gani ba.

Sarkawa ba sa barin nasu a ruwa. Abin kunya ne da ke bin zuriya. Da labari ya kai Gaya, mahaifiyarsu ta ce ba za a yi zaman makoki ba, ba za a yi sadaka ba, sai an fito mata da ɗanta an sa shi a ƙasa, kuma wansa yana can, ya san aikinsa. Matar Hassane, Aissa, ta zauna a gidan, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Kowace kaka, ranar Juma'a, Isha'aku yana bakin ruwan nan. Na sha kai shi a motar kafilina, wato uban gidana. Zai jefa guntun itace ya tsaya yana kallo, itacen ya yi gaba, ya yi gefe, ya dawo ƙafarsa. Sai ya ɗauka ya sake jefawa. Na yi masa faɗa, na yi masa wa'azi, har na taɓa ce masa halas, shi ke nan, wanda ya tafi ya tafi. Bai ji haushi ba. Ya dai ce mini wani lokaci yana cikin gyaran kifi sai ya ji an fizgi wuyan hannunsa. Wata rana na tsaya a kansa a Bangala an kawo masa wani ƙaton kifi da ake kira hamur, na ga yadda ya tsaga cikin a hankali, ya buɗe ya leƙa kafin ya zubar. Tun ranar kifin teku ya fita raina.

Bana Aissa ta kira shi da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ina zaune a ɗakinsa, na ji muryarta.

"Yaya, Inna kullum da safe tana zuwa bakin kogi da sandarta, ta zauna a kwanar kogin har rana ta yi zafi. Ta ce ruwa duk ɗaya ne, in ya kuɓuce maka a can, nan zai biyo. Jiya ta faɗi a hanya."

Ya ce a kai wa Inna wayar. Suka gaisa, ya tambayi ƙafa, ta tambayi aiki.

"Inna, wannan ruwan ba ya gangarawa ko'ina. Na duba iya dubawata. Na kasa fito da shi."

Ban taɓa jin namiji ya faɗi magana da nauyi haka ba. Sai tsohuwar ta ce Aissa ta shiga takaba, shi kuma ya nemi wanda zai yi wa ƙanensa salla.

A Gaya ba a saba sallar gawa babu gawa ba, amma a nan ana yi. Muka gaya wa limamin masallacin unguwa, bayan La'asar ya sanar, mutane suka miƙe. Masu gyaran kifi sun zo, direbobi sun zo, har da 'yan Sudan na layin baya. Isha'aku yana sahun farko, gabansa ba komai sai darduma. Liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai na ga Isha'aku ya dubi ƙasa, ya ja ƙafafunsa baya kaɗan, don kada ya taka ƙanensa.