Ranar da Inna Ta Zauna a Hanyar Tafki

Da yaƙi ya kore mu daga Khartoum, a Gadarif muka sauka, gidan kawunmu. Kowa ya ce wa yayana ya ɗauki lauje ya bi masu yankan riɗi. Ya ƙi. Shi mai gyaran markab ne, jiragen masunta, tun yana bakin Nilu.

"Hannuna bai san riɗi ba," in ji shi.

Sai ya kwashe mu, ni da Inna, muka koma wani ƙauye a bakin tafkin da madatsar ruwa ta tara. Ya kafa rumfa a gindin gabaruwa. In an jawo markab da ya tsage, ya cire katakon da ya ruɓe, ya cusa auduga a tsagar, ya shafe da kwalta mai zafi. Hanya ɗaya ke kaiwa wurin, siririya, ta ƙafa, tana ratsa itatuwan da balbelu ke sheƙa a kansu. Ta nan mata ke zuwa wanki, ta nan masunta ke fito da kifi.

Wata safiya a farkon damina muka tarar da tarakta a bakin hanyar. Wani mai manyan gonaki ya ce ƙasar tasa ce har bakin ruwa, zai sare itatuwan ya nome ta.

Inna ta juya. Ta koma gida ta ɗauko kujerarta da murhu da jabana, tukunyar dafa gahawa, ta zauna a tsakiyar hanya, ta fara soya gahawa.

Direban ya sauko. "Hajiya, don Allah ki tashi, aiki aka sa ni."

"Ɗana, an taɓa tashe ni sau ɗaya, na bar gidana ƙofa a buɗe. Halas, ya isa, ba za a ƙara ba. Zauna ka sha."

Na zauna kusa da ita. Mata suka aje kwanonin wanki suka zauna. Masunta suka jawo markab ɗin da yayana ke gyarawa suka gitta shi a hanyar, ya ci gaba da bugun ƙusa a nan.

Mai gonar ya zo da azahar, ya yi ta faɗa. Inna ta miƙa masa finjali, bai karɓa ba. Daga baya dattawan ƙauye suka shiga maganar, aka daidaita. Ya nome har gindin itatuwan farko, ya tsaya.

Hanyar ta ƙara ƙunci, kuma har yau mai gonar ba ya amsa gaisuwarmu. Mu dai muna gaishe shi mu wuce.