Bindigar Baba Tana Jan Hagu

Jiya Baba ya cika shekara da rasuwa, na sauko da bindigarsa daga inda take rataye.

Kullum cewa yake tana jan hagu. Wata rana a gonarmu ta Maijirgi ya kuskure zabon daji sau biyu. Ya cusa bakinta tsakanin rassan gawo zai miƙar, rigarsa na warin albarushi. Gaban maƙwabta na ce, "Baba, ƙyale ƙarfen nan, idonka ne ya tafi."

Ya dube ni ya ce, "To." Bai ƙara taɓa ta ba.

Jiya na kafa ƙwarya, na auna, na harba. Harsashin ya bi hagu, kamu guda cur.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya sa ka yafe mini, don ban taɓa roƙonka ba.