Jarkar Kawu Ilu

Shekarar da aka sake buɗe wa alhazan waje hanya bayan korona, ita ce shekarar da Kawu Ilu ya fara yawo da jarka a hammata. Kowa a unguwarmu ta Hindawiyya ya san ta. In ka miƙa masa hannu sai ya matse har yatsunka su yi ƙara, ya ce, "Ka ji? Wannan hannun tsoho ne?"

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Aikinsa duk shekara dafa wa alhazai shayi a tantunan Arfa, amma zaman korona ya cinye masa ƙarfin ƙafa. Mai ɗaukar ma'aikata ya ce in bai murmure ba, bana ba shi. Abin da ya kai mu shagon wani Ba'indiye mai kayan yaji a unguwar Kudai ke nan. Mutumin ya ɗauko wata saiwa, ashwaganda, ya ce a ƙasarsu tsofaffi da masu tashi daga jinya ake ba, don ƙarfin jiki da barci. Garinta kaɗan a bakin cokali, cikin madara mai ɗumi. Mai ciki ba ta sha, mai shan maganin asibiti kuma sai ya tambayi likita.

Kawu ya shinshina ya ce, "Warin doki! Madalla."

A hanya na ce, "Kawu, bakin cokali fa ya ce."

"Wannan awon Indiya ne, ya shaikh. Mu jiƙo muka sani."

Haka kuwa aka yi. Ya daka saiwar, ya juye a jarka, ya cika da zamzam. In ruwan ya yi ƙasa ya ƙara, in launin ya dushe ya ƙaro saiwa. Kofi yake sha, ba cokali ba.

Kuma ba ya rowarta. Direban tasin da motarsa ta ƙi tashi ma sai da ya samu kofi, wai ya ji daɗin tura ta. Ranar da ya miƙa wa 'yarsa Hauwa, tana da tsohon ciki, matarsa Inna Rabi ta fizge kofin.

"Kalas, ya isa haka, Malam! Jikana ba ya neman aiki a Arfa."

Ana saura 'yan makonni aikin Hajji, na biyo daga ajinmu na yaƙi da jahilci na same shi yana susar jiki, abinci a gabansa bai taɓa ba. Idonsa ya yi rawaya.

"Kawu, idonka fa."

"Kwan fitilar ɗakin nan ne. Ku canza shi."

Sai da muka yi ta lallashi kafin ya yarda muka je asibiti, jarkar na hammata. Likita ya tambaye shi me yake sha.

"Zamzam."

Likita ya ɗaga jarkar ya duba. "Zamzam mai launin ƙasa, ya Hajji?"

"Da 'yar rakiya," in ji Kawu.

Likita bai yi dariya ba. Ya ce hanta ce ta kumbura, saiwar nan takan yi wa wasu haka, balle wanda ke sha ba awo. Ya daina daga yau. Ya daina ɗin, yana ta mita.

Ya samu sauƙi, amma a hankali. Ranar Arfa ta same shi a kan gado, yana kallon taron a talabijin. Can ya ce, "Ba'indiyen nan gaskiya ya gaya mini. Ni ne ban ji ba." Tunda nake ban taɓa jin Kawu ya sara wa wani ba sai ranar.

Kafin wani Hajjin ya zagayo, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya Allah Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka rubuta masa ladan tsayuwar da ya yi niyya bai samu ba.

Ban da zaman korona, Arfa ɗaya ta wuce shi, ita ce ta ƙarshe. Inna Rabi ta rasa miji, Hauwa ta rasa uba, ni kuma na rasa wanda ya riƙe ni tun zuwana garin nan.