Jar Hula da Bencin Alhaji

Masana sun daɗe suna gardama a kan inda mulki yake zaune, wasu su ce fadar gwamnati, wasu su ce bariki. Ni na yi nawa binciken, kuma ina shaida cewa yana kan wani bencin katako ne a ƙofar shagon wake, bayan Kasuwar Artisan a Inugu. Ƙafarsa ɗaya ta gutsure, an tokare ta da bulo.

Mai shagon, wanda kowa ke ce wa Alhaji kawai, aminin mahaifina ne. Mota ɗaya ta kawo su daga Zariya tun ba a haife ni ba. A nan dattawan unguwarmu ke zama bayan la'asar. Da mahaifina ya rasu, Alhaji ya dafa gurbin da ya bari ya ce, "Zauna nan." Ni malamin makaranta ne, ban taɓa auna ko mudu ɗaya ba, a Inugu aka yanke mini cibiya, kuma yaren Ibo ya zauna a bakina fiye da yadda dattawa ke so. Wannan ɗan gurbi shi ne duk shaidar da nake da ita cewa ni ɗan gida ne.

Kwata ce ta kai ni siyasa. Duk damina sai ta cika ta malalo har ƙofar masallaci, mu riƙa tsallake ruwan tumatir ruɓaɓɓe da alwala a jikinmu. Maƙwabcina mai kemis, Ibo ne, ya gaji da jin ƙorafina ya ce in tsaya takarar kansila mana. Na tsaya. Ranar ɗaukar hoton fasta na ɗauko jar darar mahaifina na sa, don ina ganin ta fi kowace hula mutunci.

Ban san hula ɗaya za ta iya ɓata wa al'umma biyu rai ba. Masu gari suka ce wa ya naɗa ni sarauta da zan sa jar hula? Namu suka ce shi ke nan, Ticha ya zama Ibo. Samarin okada kuma, waɗanda suka zo daga ƙauyukan Arewa jiya jiya, suka ce ai siyasar Kano na kwaso. In na wuce sai su danna hon: "Honorebul! Ina jam'iyyar ta dosa?"

Duk wannan wasa ne. Magana ta gaske daga bakin Alhaji ta fito, bai ko ɗaga murya ba.

"Ɗana, da ka buga takardun nan, wa ka shaida wa?"

"Baba, ai kwata ce za a gyara."

"Ban tambaye ka kwata ba. Mu baƙi ne a nan. Ubanka ya shekara nawa a garin nan, ka taɓa ganin hotonsa a jikin bango? Ran da rigima ta tashi, ba za su nemi makarantarku ba. Shagunanmu za su nema."

Na ba shi amsa irin ta aji. Na farko, na biyu, na uku. Na kawo tsarin mulki, na kawo haƙƙin ɗan ƙasa, har na ce wanda aka haifa a wuri ba baƙo ba ne. Hujjojina babu wadda ta karye. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ɓare goro ya raba wa kowa, ya tsallake ni.

A wajenmu ba a korar mutum daga benci. Ba a matsa masa ne kawai. Washegari na yi sallama aka amsa da kyau, aka tambaye ni gida, aka tambaye ni gajiya, aka tambaye ni iyali, amma babu wanda ya motsa ƙugu. Na tsaya ina riƙe da jakata kamar mai jiran mota. Da tsayuwa ta yi tsawo na ce ina da uzuri.

Daga nan na mai da amsa sukar mutane sana'ata. Mai kemis yana ta cewa in zo mu zaga layin masu sayar da barkono, mu gaisa da matan kasuwa, ni kuwa ina ɗaki ina naɗar murya a waya ina tura wa 'yan unguwarmu. An ce kwaɗayi ne, na amsa. An ce wani ne ya tsayar da ni don a raba kan Hausawa, na amsa da misalai. Wani mai nama ya ce ko Sallah ba na zuwa gida yi, na tambaye shi wane gidan. Sai aka riƙa sauraron muryata a shagon shayi ana dariya, mai shayin ma ya iya kwaikwayon "abu na biyu" ɗina fiye da ni.

La'asar ce ta fi wuya. Ban taɓa lura da tsawonta ba sai da na rasa inda zan ajiye ta. Nakan zauna a ajin da yara suka watse, in ci gyaɗa, in yi makin littattafan da na riga na yi wa maki. A masallaci kafaɗa na taɓa kafaɗa, ana sallamewa kowa ya nemi takalminsa.

Daga baya na daina amsawa, ba don hikima ba, don abin faɗa ya ƙare. Na sayi goro mai kyau, na je gidan Alhaji da hantsi, na durƙusa. Ban janye takara ba, shi ma bai ce in janye ba. Ya karɓa ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri," addu'ar da ɗan takara bai san ko ya ce amin da ƙarfi ba.

Ranar zaɓe aka hana zirga-zirga, kasuwa a rufe. Na jefa ƙuri'ata, na biyo ta gaban shagon da tawada a yatsa. Dattawa suna nan jere, babu wanda ya ragu, rediyo a tsakiya.

Na faɗi zaɓen. Mai kemis ya ce matan layin barkono sun tambaya ko ni ne wanda bai taɓa zuwa ba.

Na cire fastocin da hannuna, na mai da dara cikin akwati. Bayan kwana kaɗan na bi ta shagon wake, niyyata in gaishe su in wuce. Alhaji ya dubi na kusa da shi ya ce, "Kai, matsa wa Honorebul." Aka yi dariya, aka matsa. Na zauna, ƙafafuna a ɗage, saboda an yi ruwa da safe kuma kwata ta cika.

Cikin duk waɗanda na yi watanni ina amsa wa, babu mai katin zaɓe a Inugu. A Arewa suka yi rajista, kuma na san haka tun kafin in tsaya.